Ranar da Shafin Ƙungiya Ya Kashe Alhaji Datti

Alhaji Datti yana zaune a tsakar gidansa da ke Kawo da hantsi, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma yana shan kunu marar sukari kamar yadda likita ya gindaya masa, sai ya ji ana sauke kujeru a ƙofar gida. Ƙarar kujerun roba ce ake jibgowa daga bayan a-kori-kura, irin wadda ake ji a gidan biki ko gidan makoki.

Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Hasiya, wa ya haihu a layin nan ba a gaya mini ba?"

Kafin ta amsa, wata maƙwabciya ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu, tana salati tana kuka. Ta nufi Hajiya Hasiya za ta rungume ta, sai idonta ya sauka a kan maigidan riƙe da kofi. Ta yi turus. Ta kurma ihu, ta fice a guje ta bar takalmi ɗaya a bakin rijiya.

Alhaji Datti ya ajiye kofi, ya jawo sandarsa, ya fita da 'yar shara a jikinsa ko hula babu. A waje ya tarar an kafa rumfa har ta tare hanya. Maza sun fara zama, wasu na jan carbi, wasu na tambayar ko an tafi haƙa kabari. Da suka gan shi tsaye a bakin zaure sai wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya miƙe har kujerarsa ta kife.

"Wa ya mutu?" in ji Alhaji Datti.

Can sai Kabir, mai shagon kayan masarufi na kan kwana, ya matso a hankali ya miƙa masa waya da hannu biyu. "Alhaji, kai ne. Ga shi nan a shafin ƙungiyarku."

Ya karɓa ya nesanta ta da idonsa. Ga tambarin ƙungiya a sama, ga hotonsa da jar hula, ga rubutu ɓaro-ɓaro: Allah Ya yi wa Alhaji Datti Abubakar rasuwa, za a yi jana'iza bayan sallar Azahar a ƙofar gidansa. A can ƙasa kuma, a ƙananan baƙaƙe, manhajar ta sa sunan wanda ya wallafa, kamar yadda take yi wa kowace sanarwa: Malam Yahya Ibrahim.

Yahya! Mutumin da suka shiga aikin gwamnati tare tun suna samari, suka zauna ɗaki ɗaya na haya, suka ci tuwo a kwano ɗaya. Shi ya yi masa abokin ango, shi ya raɗa wa 'yarsa ta fari suna. Jijiyar wuyan Alhaji Datti ta miƙe. Ya buga sanda a ƙasa, ya ce a gaban kowa, "Na rantse yau ɗin nan ko dai Yahya ya bar ƙungiya, ko a rufe shafin nan. Kuma ni da shi, sai dai a lahira."

To, bari a koma baya kaɗan don a san mafarin abin.

Ƙungiyar ta tsofaffin ma'aikatan gwamnati ce da suka ajiye aiki, mafi yawansu mazauna Kawo, wasu a Kinkinau, wasu sun yi gida a Rigasa. Alhaji Datti ne shugaba. Suna da shafi a intanet don sanar da haihuwa da aure da rashin lafiya da mutuwa, domin 'ya'ya sun watsu a garuruwa kuma tsofaffi ba kullum ake haɗuwa ba. Shafin farko wani mutum ne ya gina shi da hannu, layi bayan layi, a yaren kwamfuta. Ko lambar waya za a sauya sai an neme shi, shi kuwa ya koma Abuja ya yi nauyin ɗaga waya. Da Malam Isa, ma'ajin ƙungiya, ya rasu, aka aika wa mutumin sanarwa tun da safe. Ba ta fito ba sai bayan an yi addu'ar uku. Abokan aikin mamacin na Rigasa ba su sami sallar gawa ba. A lokacin ma Alhaji Datti ya yi faɗa har muryarsa ta dishe.

Ganin haka sai 'yarsa Lubna, wadda aikinta ke nan a wata ma'aikatar jiha, ta kwashe shafin ta mayar da shi kan manhajar sarrafa shafi. Ta zo taron ƙungiya ta yi musu bayani. Ta ce manhajar tana ajiye rubutu da hotuna a ma'ajiya guda, tana ajiye fasalin shafi a wani wuri dabam, kamar takardar ofis da aka riga aka buga mata kai. Mutum zai cike gurabe ne kawai: suna, hoto, wuri, lokaci. Manhajar ce za ta ɗauka ta zuba a cikin fasalin, ta ɗora tambari, ta jera a shafin farko, ta kuma tura saƙo zuwa wayar duk wanda ya yi rajista. Ba sai an san yaren kwamfuta ba, ba sai an jira kowa ba. Maɓalli biyu ne a ƙasa: ɗaya na ajiyewa a daftari inda babu mai gani sai 'yan ciki, ɗaya na wallafawa duniya ta gani.

Tsofaffi suka ji daɗi. Sai ta zo kan mabuɗai, wato izinin da ake ba kowa na shiga ya yi aiki a shafin. Ta ce hawa-hawa ne. Akwai mabuɗin mai rubutu, shi rubutawa kawai yake yi ya ajiye. Akwai na mai dubawa, shi ke karantawa ya tabbatar sannan ya saki. Ta ba da shawara duka 'yan kwamiti su zama masu rubutu, Hajiya Hassana sakatariya ta zama mai dubawa.

Nan Alhaji Datti ya tashi tsaye. Hassana dai ita ce mai buga masa takardu a keken rubutu lokacin yana mataimakin darakta. Yaushe za a ce abin da ya rubuta sai ya bi ta teburin Hassana ta sa hannu? Ya ce duk wanda ya kai matakin babban jami'i kafin ya ajiye aiki a ba shi babban mabuɗi, wanda zai rubuta ya saki da kansa, don ba za a tara manya a raina musu hankali ba. Da aka ba wannan, wancan ya ce shi ma ai bai gaza ba. Aka zagaye teburi, kowa ya fita da babban mabuɗi a aljihu. Lubna ta yi magana, ubanta ya kalle ta sau ɗaya, ta yi shiru.

Wannan shi ne asalin shafin da yau ya kashe shi.

Alhaji Datti ya koma cikin gida yana huci. Wayar Hajiya Hasiya tana ta ruri a kan taga, ita kuwa ta zauna daɓas a ƙasa ta rasa abin yi. Ya ɗauka. Muryar Lubna ce, cikin kuka. "Mama, yanzu wata ta shigo ofis ta yi mini gaisuwa. Mama, yaushe? Jiya fa muka yi waya da shi!"

"Ni ne," in ji shi. "Ban mutu ba. Share hawayenki ki saurare ni."

Ya gaya mata abin da ya faru a taƙaice, yana yi yana tsaki. Ya ce ta nemo duk wanda za a nema a cire ƙaryar nan.

"Baba, ai babu wanda za a nema. Kai ma kana da babban mabuɗi. Ka shiga ka danna saukewa."

Alhaji Datti ya tsaya da waya a kunne. Mabuɗin da ya ta da jijiyar wuya a kansa, bai taɓa shiga da shi ba ko sau ɗaya. Kalmar sirrin ma bai san inda ta shige ba. Ya ce, "Ke ni za ki sa aiki? Ki cire, na ce."

"An cire," ta ce bayan 'yan danne-danne, muryarta ta bushe. "Na mayar da ita daftari, na sa gyara a shafin farko cewa kana raye, saƙo ya tafi wayoyi. Amma wanda ya riga ya kamo hanya ba zan iya mayar da shi gida ba. Ga ni nan zuwa."

Haka kuwa aka yi. Mutane suka ci gaba da sauka daga Keke Napep da babura. Kowa ya zo da fuskar makoki, ya ga mamaci a kujera ya sa babbar riga yana muzurai, sai ya rasa gaisuwar da zai yi. Wani ya ce, "Ya haƙuri?" Wani ya ce, "Barka da arziki." Wani tsohon direban ma'aikata ya kama hannunsa ya matsa da ƙarfi don ya tabbatar da ɗumi. Alhaji Datti ya fizge hannunsa.

Kafin rana ta take, duk 'yan ƙungiya sun hallara, abin da ba a taɓa samu ba ko a taron shekara. Alhaji Datti ya dube su ya ce, "Tunda kun zo binne ni kuma ga kujeru an ɗauko haya, a yi taro. Ina Yahya?"

Malam Yahya yana can ƙarshen rumfa, ya rakuɓe bayan turke. Siririn tsoho ne, ya yi aikinsa duka a sashen rajista, inda ake buɗe fayil a rufe fayil. Ya taso yana jan ƙafa, hularsa a karkace.

"Datti," ya fara.

"Kada ka kira sunana. Mamaci ba ya amsa kira. Gaya wa jama'a yaushe ka ga gawata."

"Ban gani ba."

"Wa ya aiko maka? Hasiya ce? Lubna ce? Ko mala'ika ne ya biyo ta gidanka ya ba ka labari kafin ya iso nan?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Malam Yahya ya fara bayani. Ya ce lokacin da aka kwantar da Datti a asibiti watan jiya, ya je dubiya ya tarar ba ya gane mutane. Ya dawo gida ya kasa zama. Ya tuna yadda aka yi da Malam Isa, sai ya ce ba zai bari a yi wa Datti haka ba. Ya buɗe gurbin sanarwar rasuwa ya cike komai, ya ajiye a daftari, don in ta faru danna ɗaya ya isa. "Haka aka koya mana a rajista. Ba a jiran darakta ya nemi fayil kafin a shirya shi."

"To na warke. Na dawo gida. Ka zo nan ka ci tuwona. Me ya hana ka goge?"

"Na manta da ita. Yau da safe na shiga zan saki sanarwar sunan jikan Auwal ɗan ƙungiyarmu. Su biyu ne a jere a daftari, tabarauna kuma yana wurin mai gyara. Na danna ta sama."

"Ka danna ta sama!" Alhaji Datti ya miƙe. "Ina kwance ina fama da raina, kai kana gida kana zaɓar mini hoto! Ka yanka mini likkafani ina numfashi! Ka sa 'yata kuka a gaban abokan aikinta, ka sa matata ta zube a ƙasa, ka tara mini Kawo a ƙofar gida. Sannan ko aikin ma ba ka iya ba. Ka rubuta wai na ajiye aiki ina babban jami'in mulki. Mataimakin darakta nake, Yahya! Kai ka buɗe fayil ɗin ƙarin girmana da hannunka!"

Wannan karon dariya ta kuɓuce wa mutane. Ya juya ya watsa musu harara, suka yi gum.

"Na faɗa da safe, ina maimaitawa. Ko ya fita, ko a rufe shafin."

Malam Yahya ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Tun rasuwar matarsa ba shi da wurin zuwa sai masallaci da taron ƙungiya da zauren Datti. Kowa a rumfar ya san haka, Datti ya fi kowa sani. Malam Yahya ya ce a hankali, "Kada a rufe. Ni zan fita."

A nan ne Lubna, wadda ta iso tun ɗazu ta tsaya a bakin zaure kusa da Hajiya Hassana, ta matso ta durƙusa a gefen kujerar ubanta. Idanunta jajur. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji.

"Baba, ni aka yi wa gaisuwar ubana yau, don haka ina da ta cewa. In an rufe shafin, an koma jiran mutumin Abuja, wani ya mutu a binne shi abokansa ba su sani ba. In an kori Baba Yahya, gobe wani zai danna ta sama, don duk wanda ke zaune a nan yana da mabuɗin da zai iya kashe kowa a unguwar nan da yatsa ɗaya. Manhajar ba ta san mai rai ba, ba ta san matacce ba. Abin da mai mabuɗi ya ce ta saki shi take saki. Shi ya sa aka yi mata matakin dubawa. Da yana nan, rubutun Baba Yahya zai tsaya ne a gaban Hajiya Hassana, ta ɗaga waya ta kira Mama, magana ta ƙare."

Ba ta ce wane ne ya hana a sa matakin ba. Ba ta buƙatar faɗa. Alhaji Datti ya ji idanun mutane a kansa kamar zafin rana. Ya dubi Hassana. Ita kuwa ta kafa ido a ƙasa tana gyara bakin hijabi, kamar yadda take yi a da in ya mayar mata da takarda ya ce akwai kuskure alhali kuskuren nasa ne.

Fushinsa bai sauka ba, sai dai ya rasa inda zai ajiye shi. Ya kalli shugabannin sassa na da, da daraktocin da, kowa da waya a aljihu da babban mabuɗi a ciki. Ya daka tsawa.

"Ku kuma da kuke zazzare ido, a cikinku wa ya taɓa sakin takardar gwamnati ba tare da ta bi ta teburi biyu ba? Mun yi shekaru muna korar yara a kan haka, muka tsufa muka zo muna rabon hatimi kamar goron suna! Lubna, karɓe. Karɓe duka."

Wani tsohon darakta ya gyara zama. "Shugaba, har da namu?"

"Da nawa za ta fara."

Lubna ta zauna a kan tabarma ta buɗe jerin masu mabuɗi a wayarta. Tana kiran suna tana sauke shi zuwa mai rubutu, sunan ubanta a farko. Babu wanda ya sake tari. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Wa za a ba dubawa?"

Alhaji Datti ya gyara riƙon sandarsa. "A ba Hassana. Tun muna ofis ba ta taɓa barin wasiƙa ta fita da kuskure ba." Ya juya gare ta a fusace kamar ita ta yi masa laifi. "Kuma ki ji da kyau. Sanarwar mutuwa ba ta fita sai kin ji daga bakin iyalan mamaci. Ko ni na rubuto, ki kira ki tambaya."

"To, Yallaɓai," in ji Hajiya Hassana. "Ko kai ka rubuto."

Aka kira sallar Azahar. Mutanen da suka zo sallar gawa suka miƙe suka nufi masallaci, masu haya suka fara naɗe rumfa suna gunaguni. Malam Yahya ya sa hularsa ya juya zai bi ta bayan layi.

"Kai! Ina za ka?" in ji Alhaji Datti.

"Ka ce in fita."

"Na ce ko ka fita ko a rufe shafin da ya kashe ni. Wancan shafin mai mabuɗi a hannun kowa an rufe shi yanzu a gabanka. Rantsuwata ta cika. Dawo nan, ban gama da kai ba."

Malam Yahya ya dawo ya tsaya. Lubna ta ce, "Baba, daftarin yana nan. In goge?"

"Kada ki taɓa. Ba shi wayar." Ya zaro tabaraunsa daga aljihu ya dangwara wa Yahya a hannu. "Sa wannan, makaho. Ka gyara matakin aikina. Ka cire hoton nan, na yi kama da wanda ake nema a caji ofis, Hasiya za ta ba ka na ranar da na sauka daga Hajji. Ka cire lokacin jana'iza, ba kai ke yanka shi ba. Ka ajiye a daftari. Ranarsa tana zuwa, kuma ba na so a fitar da ni da kuskure."

Malam Yahya ya sa tabarau, ya karɓi wayar ya shiga da nasa mabuɗin. Ya yi gyaran, ya kai yatsa ƙasa, ya tsaya. Maɓalli ɗaya ne kawai ya rage masa yanzu, na ajiyewa. Ya danna.

"In kuma ni na riga ka fa?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Sai in rubuta taka, in sa ka masinja." Alhaji Datti ya dogara sanda ya miƙe. "Kuma kuɗin kujerun nan kai za ka ji da su. Wuce mu tafi, za a ta da salla. Kada ka tsaya kusa da ni a sahu, har yanzu ban huce ba."

Suka kama hanyar masallaci, Datti a gaba yana faɗa, Yahya a baya da tabaraun Datti a fuskarsa.